Kitson da Auta Ta Zaɓa

Litinin, da yamma

Na rufe shago tun la'asar ba ta yi ba, na bar wata mata da rabin kai a tsefe. Ta yi ta mita, na ce ta ɗaura ɗankwali ta dawo gobe, kai ba ya gudu. Tunda na fara kitso ban taɓa yi wa kowa haka ba.

Maganar Auta ce, ƙanwata, wadda na goya, na yi wa wanka, na riƙe wa hannu zuwa makaranta. Yau ni da mijinta Kafinta muka raka ta wurin likitan zuciya. Tun haihuwar 'yarta Barkono zuciyarta ta yi rauni, ba ta koma daidai ba, shekara uku ke nan tana kan magani. An ce mata kada ta sake ɗaukar ciki. Ta kiyaye iyakar iyawarta, amma ga shi ya shiga, wata biyu da 'yan kwanaki.

Likita bai yi mana kwana-kwana ba. Ya juyo da allon na'urar ya nuna mana zuciyar tana motsi a kasalance. Ya ce da ƙyar take ɗauke da mutum ɗaya, ciki kuma kullum ƙara mata kaya zai yi. Idan aka bar shi, akwai babban haɗarin Auta ba za ta ga ƙarshensa ba, mai yiwuwa har da abin da ke cikin. Shawararsa a cire cikin, kuma kada a wuce 'yan makonni. Amma ya ce jikinta ne, sai ta faɗa da bakinta.

Na rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba. Daga yau "aikin" zan riƙa cewa.

Ya tambaye ta me ta gani. Auta ta dubi Kafinta, ta dube ni, ta dubi takalminta, ta ce, "Duk yadda kuka ce."

Na ce, "To an gama, likita, sa mana rana." Ya ce ba ni ya tambaya ba. Cikin ladabi ya faɗa, amma na ji ta har tafin ƙafata.

Talata, da hantsi

Matar jiya ta dawo na ƙarasa mata. Ta ce hannuna ya yi zafi yau. Ita ta sani.

Laraba, bayan la'asar

Na je gidan Auta. A saman bene suke, yanzu sai ta tsaya a kwanar matakala ta dafa bango kafin ta ƙarasa hawa. Kafinta ya sa katako a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai ya ɗaga shi, domin idan ta kwanta a miƙe numfashi ƙwace mata yake yi. Mutumin nan bai iya magana ba, sai buga ƙusa. Daga Litinin zuwa yau ya gyara ƙofar banɗaki, ya gyara kujerar da ba abin da ya same ta.

Na tarar Mama ta riga ni zuwa. Ta kafa ta tsare, wai a bar wa Allah, rai ba a hannun likita yake ba. Na ce, "Mama, da hawan jininki ya tashi bara ai ba a ɗaki muka bar ki ba, kuma har yau ƙwayar tana cikin jakarki." Ta ce in kiyayi bakina. Kafinta ya ce shi dai matarsa yake so a raye, ya maimaita har muryarsa ta fara rawa. Muka yi ta yi a kan Auta, ita kuwa tana zaune a tsakiyarmu tana cire wa Barkono takalmi tana sake sa mata.

Mama ta ce, "Ke Auta, ba za ki ce komai ba?"

"Duk yadda kuka ce, Mama."

Mama ta ɗauka ita aka ba gaskiya. Ni ma na ɗauka ni ce.

Asabar, da hantsi

Na ci Mama da yaƙi.

Na kai ta wurin malamin da take jin maganarsa fiye da ta kowa, tsohon nan mai tabarau ɗaure da zare. Ya saurara tsaf, ya tambaya ko an nemi likita na biyu. Na ce an nema, jiya muka kai hoton ga wata likitar, bakinsu ya zo ɗaya. Ya ce idan haka ne ran uwa ake fara tsarewa, kuma babu laifi a kanta. Mama ba ta tanka ba sai da muka fito titi, sannan ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Wanda ya san Mama ya san ta sauko ke nan.

Da za mu tashi malam ya ce, "Ita mai cikin me ta ce?" Na ce ai ita ba ta da matsala.

Na sayi lemo mai sanyi na shanye a tsaye a bakin titi. Likita namu, malam namu, miji namu, Mama ta shigo layi. Ni dai in aka ba ni aiki sai na ga bayansa.

Litinin, da azahar

Ashe da saura.

Kafin a sa ranar aikin sai an ga wata ma'aikaciyar jinya da ke zama da mata masu irin wannan shawarar. Ofishinta yana bayan ɗakin karɓar magani, ɗan ƙarami, da fanka mai ƙara da tukunyar fure a taga. Doguwa ce, furfura ta fara fito mata a goshi, kuma wanda ya yi mata kitson da ke kanta Allah ya yafe masa. Na sa mata suna Sista Shiru, domin idan ta yi tambaya sai ta naɗe hannu ta zuba ido kamar ba ta da wani aiki a duniya.

Ta yi wa Auta bayanin hanyoyin biyu dalla-dalla: yadda aikin yake da abin da zai biyo baya, da kuma yadda za a kula da ita idan ta ce a bari, da abin da ake tsoro. Ba ta ƙawata ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "Ke me kike so?"

Shirun ya yi tsawo, sai na taimaka. Na ce, "Aikin take so, kunya ce da ita."

Sista Shiru ta nuna mini benci a bayan Auta. Na koma. Ta sake tambaya, na ce daga bencin, "Faɗa mata mana, Auta." Sai ta nuna mini ƙofa. Ni, da girmana, da jakata, a baranda tare da masu jiran allura.

Da suka fito ta ce ba za ta kai wa likita "duk yadda suka ce" ba, domin ba amsar Auta ba ce. Mu dawo jibi.

Ana maganar rai, ita tana maganar amsa.

Talata, da yamma

Ni da Kafinta mun ɗaura aniya. Tunda magana ake so ta fito daga bakinta, mun koya mata maganar. Na zauna a matsayin Sista Shiru, na naɗe hannu har da karkatar da kai, Kafinta yana gefe yana gyaɗa kai. "Na yi tunani, na yanke shawara, ina so a yi aikin." Auta ta maimaita har ta zauna mata daram. Barkono ma ta haddace, tana zagaya ɗaki tana cewa ta yanke shawara.

Na dawo gida ina jin kaina. Gobe za mu ga wanda ya iya.

Laraba, da azahar

Ta faɗa tiryan-tiryan, ko harafi bai faɗi ba. Ina kan benci na haɗiye bakina, zuciyata fes.

Sista Shiru ta ce, "Na ji. Me ya kawo ki ga wannan shawarar?"

Auta ta waiwayo ta dube ni.

Shi ke nan, asirinmu ya tonu. Matar nan ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wa Auta ta ɗan jira, ta fito da ni baranda, ta zauna kusa da ni kamar ƙawata.

Ta ce, "Yaya, na ga kina son yarinyar nan."

Na ce, "Ni na raine ta."

"Shi ya sa. Idan aka yi aikin da maganarki a bakinta, ranar da baƙin ciki ya taso mata, kuma zai taso, wa za ta kalla? Idan kuma aka bari da maganar mahaifiyarku, haka. Na ga matan da aka yanke wa shawara, na ga waɗanda suka yanke da kansu. Duka suna kuka, amma kukan ba iri ɗaya ba ne."

Na ce lokaci fa yana tafiya. Ta ce ta fi ni sani, kullum tana duba awon Auta, kuma ba za ta bari a yi sakaci ba. Sannan ta ce, "Yaushe rabon da ki tambaye ta abu ki jira amsa?"

Na ce kullum. Ta naɗe hannu.

Alhamis, da safe

Kullum mana. Wace irin tambaya ce wannan.

Alhamis, bayan la'asar

Wata yarinya ta zauna a gabana yau, na ce, "Wane iri za a yi?" Ta yi ta juya hotuna a waya, ta ce wannan, ta ce a'a wancan. Na tsaya da kibiyar tsaga a hannu ina jira, domin haka sana'ar take. Ba ka taɓa kan mutum sai ya faɗa, in ba haka ba gobe a tsefe maka shi a gaban jama'a.

Ina cikin jiran sai Auta ta faɗo mini a rai. Tun tana da gashin da bai kai a kama ba ni nake mata kitso. Nakan ce "wane iri" hannuna ya riga ya tsaga. Ita kuma ta ce, "Duk wanda kika ga dama, Yaya." Haka ranar shigarta makaranta, haka ranar aurenta.

Yarinyar ta zaɓi wani abu da bai dace da goshinta ba. Na yi mata, ban ce uffan ba.

Asabar, da hantsi

Ƙafafun Auta sun kumbura, takalmin ya daina shiga. Kafinta ya yi mata ɗan benci a kwanar matakala.

Lahadi, da yamma

Ina koyon shiru. Wuya gare shi fiye da ƙananan kitso a kan yaro mai kuka. Na je gidan, na wanke kwanuka, na share, na yi wa Barkono wanka, maganar aikin ta zo mini har maƙogwaro na mayar da ita. Mama ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi nake yi.

A shago ma an lura. Wata tsohuwar mai zuwa wurina ta ce, "Yau ko rediyon ya lalace ne?"

Laraba, bayan la'asar

Sista Shiru tana tara mata duk Laraba a ɗakin da ke kusa da ofishinta, waɗanda suka taɓa tsayawa inda Auta take tsaye. Ta gayyaci Auta, ni kuma ta ce in zo idan zan iya barin bakina a ƙofa tare da takalmi. Na ce zan iya. Ta dube ni, na ce wallahi.

Kujerun roba ne a zagaye, da butar shayi a kan tebur. Ba wa'azi, ba wanda ya ce wa wani yi kaza. Biyu ne suka tsaya mini a rai.

Ɗaya malamar makaranta ce, siririya mai magana a hankali. Ita lafiyarta ƙalau, ɗan cikin ne likitoci suka ce ba zai rayu ba bayan haihuwa. Ta zaɓi ta kai shi ƙarshe. Ta haife shi, ta riƙe shi yini guda, ta ce ba ta taɓa da-na-sani ba.

Ɗayar mai sayar da ƙwai ce a kasuwa, ƙatuwa mai dariya kamar ana sauke kwanuka. Ita ƙoda ce ta so kashe ta, aka yi mata aikin. Ta ce surukarta ta yi wata uku ba ta gaishe ta ba, "na samu hutu biyu ke nan." Kowa ya yi dariya, har malamar. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kofi ɗaya suke miƙa wa juna.

Sai na ji wata murya ta ce, "Kina tuna shi?"

Sai da na leƙa na tabbatar. Auta ce, ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya zungure ta.

Mai ƙwai ta daina dariya. Ta ce, "Kullum, ƙanwata. Da yanzu ya isa aike. Amma ina nan, ni ce nake tunawar, ni ce kuma nake dafa wa sauran abinci. Ban ce ki bi ni ba, ga malama nan ita ma tana da tata hanyar. Na dai gaya miki yadda nawa yake."

Auta ta gyaɗa kai. Ni kuwa na cije gefen mayafina, na cika alkawari, ko tari ban yi ba. A hanya na so in ce "kin ji ko", na haɗiye. Wannan ma nasara ce, ko ba wanda ya gani.

Juma'a, da azahar

Auta ta yanke jiki a banɗaki. Ta farfaɗo kafin a kai ta mota. An ƙara magani, an sallame ta. Likita ya ce mako mai zuwa ne iyaka idan ana so aikin ya zo da sauƙi.

Kafinta ya durƙusa a gabanta a gaban kowa yana roƙo. Ta shafa kansa ta ce, "Duk yadda ka ce." Ya tashi ya fita, can na ji ƙarar guduma a ƙasa.

Ina jin tsoro. Ban taɓa rubuta wannan ba a rayuwata.

Asabar, da sassafe

Na yi tunanin abin da na ƙi tunawa. Idan na tambaye ta da gaske, tana iya cewa a bari. Idan ban shirya jin haka ba, to ba tambaya nake yi ba, ina nan a inda nake.

Idan ta ce a bari, zan rufe shago in tare a gidanta. In ɗauke ta a baya in hau da ita benen nan. In yi kukana a banɗaki.

Allah ka san abin da nake so. Ba zan faɗa mata ba.

Lahadi, da yamma

Bari in rubuta a tsanake.

Na ɗauki kayan aikina na tafi gidan Auta da hantsi. Kanta ya yi makonni ba a taɓa ba, kitson ya tashi duk ya cukurkuɗe. Na kori Kafinta da Barkono su je yawo, Mama tana gidanta. Na jera matasai a ƙasa yadda za ta jingina ba tare da numfashi ya takura ba, na zauna a kujera, ta sa kanta a cinyata. Na tsefe, na taje, na shafa mai.

Na ɗauki kibiya na ce, "Wane iri?"

"Duk wanda kika ga dama, Yaya."

Na ajiye kibiyar a kan tebur yadda za ta ji ƙararta. Na ce, "Yau ban ga damar komai ba. Sai kin faɗa. Kuma duk abin da kika faɗa, na kai da wanda ba na kai ba, ina nan tare da ke."

Iyakar abin da na ce ke nan. Na naɗe hannu kamar Sista Shiru.

Shayin da na haɗa ya huce. Rana ta tashi daga kan tabarma ta hau bango. Ƙafata ta yi sanyi ta mutu, ban motsa ba. Na sha jin mata suna faɗin abin da ba su taɓa gaya wa kowa ba idan kansu yana cinyata, saboda ba sa ganin idona. Ban taɓa ba wa tawa ƙanwar wannan damar ba, kullum ni ce mai labari.

Can ta ce, tana kallon bango, "Ina son shi, Yaya."

Na yi shiru.

"Kowa yana maganarsa kamar haƙorin da ya ruɓe. Ku a cire, Mama a bari. Ba wanda ya ce mini sannu. Ina yi masa magana idan ba kowa. Na san ba daidai ya zo ba, amma nawa ne. Ina tsoron in ce a yi, in ga kun yi ajiyar zuciya kun ce alhamdulillahi, a wuce wurin kamar ba a yi shi ba. Ina tsoron in ce a bari, Barkono ta tashi tana tambayar kamannina."

Hawayena ya ɗiga a kan gashinta, na goge da babban yatsa. Na ce, "Sannu, Auta." Ban ƙara ba.

Ta yi kuka sosai, har na ji tsoro saboda zuciyar. Na riƙe kanta har ya lafa. Ta sha ruwa, ta gyara zama, ta mayar da kanta inda yake.

Ta ce, "Ki yi mini manya guda biyu zuwa baya, kwantattu, waɗanda hular asibiti za ta rufe, kuma ba za su dame ni ba idan na kwanta. Zan yi aikin. Ba don kun ce ba. Ina so ni ce zan kai Barkono makaranta, ni ce kuma zan riƙa tuna wannan."

Na ɗauki kibiya.

"Ban gama ba," in ji ta. "Mama ce za ta raka ni, ita ta fi kusa da abin da nake ji. Ke ki zauna da Barkono. Idan na dawo, ina so a yi mini gaisuwa kamar yadda ake yi wa wadda ta yi rashi. Kada wanda ya ce mini barka."

Ni da na yi ta safa da marwa, ni za a bari a gida da yarinya. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Amma ban taɓa jin daɗin umarni irin na yau ba. Na ce to. Manya biyu ba su dace da fuskarta ba, na yi su, kuma sun kwanta lumui.

Litinin, da azahar

Auta ta shiga ofishin Sista Shiru ita kaɗai, ta ce mu jira a baranda. Ta daɗe. Da ƙofa ta buɗe Sista Shiru ta dubi kan Auta, ta dube ni, ta ce, "Kitson nan wa ya zaɓa?"

Na ce, "Mai kan."

Ta ce an sa Alhamis.

Alhamis, da hantsi

Barkono ta zubar da man kitso a kan kujera. Na bar ta. Waya tana hannuna.

Alhamis, da azahar

Mama ta kira. Auta ta farfaɗo, zuciyar ta ɗauka, likita ya ce komai ya tafi yadda ake so.

Na zauna a ƙasa a tsakiyar man nan na yi ta godiya ga Allah.

Lahadi, bayan la'asar

Ta dawo gida. Mun yi yadda ta ce. Na tsaya a ƙofa, duk wanda ya hau benen na gaya masa abin da zai faɗa da abin da ba zai faɗa ba, a nan dai bakina ya yi rana. Mama ce ta fara, ta riƙe hannunta ta ce, "Allah ya ba ki haƙuri, ya sa mai ceto ne." Kafinta ya zauna a gefen gadon ya yi kukan da ya yi makonni yana buga wa ƙusa. Mai ƙwai da malama sun zo tare, Sista Shiru ce ta gaya musu bayan ta nemi izinin Auta.

Ba a yi dariya da yawa ba yau. Amma Auta ta ci abinci, ta ce gishiri ya yi kaɗan. Likita ne ya hana, duk da haka na ji daɗin ƙorafin.

Talata, da safe

Jiya ba ta tashi daga gado ba, ta juya wa kowa baya. Sista Shiru ta ce za a yi irin waɗannan ranakun. Na je na zauna, ban ce komai ba, na dawo.

Wata Larabar, da yamma

Kwana biyu ban rubuta ba, aiki ya yi yawa.

Kumburin ya saɓe. Zuciyar ba ta warke ba, likita ya ce magani har abada, amma an sauke mata kaya. Kafinta ya ce yanzu takan wuce bencin kwanar matakala ba ta zauna ba, Barkono ta mayar da shi shagonta. Yau Auta ta je ɗakin Laraba da ƙafarta. Wai an kawo wata sabuwa, da yayarta mai surutu, aka fitar da yayar baranda. Auta ta ce har ta ji tausayinta.

Daga can ta biyo shago. Manyan biyun nan sun tsufa. Ta jira layi kamar kowa, ta zauna, ta sa kai a cinyata. Na tsefe na ce, "Wane iri?"

Ko numfashi ba ta ja ba. Ƙanana a gaba, a karkata su hagu, na baya a tattara sama, kada a taɓa gashin gefen kunne. Matan shago suka bar hira suna kallonta.

"Kuma ki sassauta hannu, Yaya. Tun ina ƙarama kike ja."

Na ce, "Me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "Yau na faɗa."

Na sassauta. Kitson da ba a ja ba ba ya daɗewa, ko mako biyu ba zai yi ba zai tashi, dole ta sake dawowa ta zauna a nan. Na ƙara sassautawa.